Famfon Gobara a Garwa da Pitowa: Ɗa Ɗaya, Uba Uku

Duk wanda ya saba bin labaran gobarar kasuwa a arewacin Kamaru, ko a maƙwabtanmu Najeriya da Nijar, ya san akwai maganar da ba ta ɓacewa a bakin waɗanda abin ya shafa: motar kashe gobara ta zo, amma ruwanta ya ƙare tun wuta ba ta ji a jikinta ba. Daga nan sai a dira kan ma'aikatan, wani ya ce da rabin tanki suka zo, wani ya ce kallo ya kawo su. Aikin rediyo ya sa na sha jin wannan ƙorafi daga masu bugo waya, kuma kullum lissafi ɗaya nake roƙon mu yi tare. Motar kwana-kwana irin wadda aka fi amfani da ita a cikin gari tana ɗaukar ruwa kimanin lita 3,000. Tiyo ɗaya mai ƙarfi yana fitar da lita 500 a minti guda. Ke nan cikin minti shida tanki ya zama fanko. Ruwan cikin mota na fara aiki ne kawai, kafin a jona ta da inda ruwa ba ya yankewa.

Wannan wurin jonawa shi ne famfon gobara. Iri biyu ne. Akwai wanda yake tsaye a bakin titi, guntun ƙarfe mai jan fenti da bakuna a gefensa, tsawonsa bai wuce ƙugun mutum ba. Akwai kuma wanda aka binne daidai da ƙasa, murfin ƙarfe kawai ake gani. Dukansu a jikin babban bututun ruwan gari aka dasa su, kuma ba sa buɗuwa sai da makullinsu na musamman. Abin da nake so mu bi a wannan rubutu shi ne tarihin wannan ƙarfe: inda ya samo asali, ƙa'idojin da aka gindaya masa, da yadda aka yi a Garwa da Pitowa ya zama ɗa mai uba uku, wanda kowane uba yake zaton ɗan'uwansa ne ke ciyar da shi.

Kafin zuwan bututu

Garwa gari ne da Fulani suka kafa a farkon ƙarni na 19 a gaɓar kogin Binuwai, ƙarƙashin Modibbo Haman Njundi, a cikin daular Adamawa da ke bin Yola. Fatake suka biyo hanya, sunayen unguwanni kuma suna ba da shaida har yau: Fulɓere ta Fulani, Hausare ta Hausawa, Kolere ta Barebari. Gidajen wancan zamani na ƙasa ne da jinka, shingensu zana, rumfunan kasuwa kuma kara da ciyawa. Ruwan sama yana ɗaukewa a watan Oktoba, hunturu ya busar da komai, sannan bazara ta shigo a Maris da Afrilu da zafin da ke haura digiri 40. Gari irin wannan, garwashi ɗaya ya ishe shi.

Mutanen da ba su zauna haka nan ba. A ƙasar Hausa da ta Fulani, in wuta ta tashi kururuwa ake yi, kowa ya fito da abin da ke hannunsa, mata da tuluna, yara da ƙore, maza da ƙasa da ɗanyen ganye. Babbar dabarar ita ce a yi maza a yaye jinkar ɗakunan da ke gaban wutar, don ta iso ta tarar ba abin ci. Maƙera da masu tuya a gefen kasuwa ake ajiye su. Abin lura a wannan tsari shi ne an san mai alhaki. Kasuwa tana da sarkinta, unguwa tana da jauronta, dukansu kuma suna da Lamiɗo da zai tambaye su. Kayan aikin kaɗan ne, amma ba a neman wanda za a tuhuma a rasa.

Daga icen Landan zuwa sojojin Paris

Famfon gobara ɗan birnin da ke da bututu ne. A Landan ta ƙarni na 17, da kututturen itace da aka rarake ake jan ruwa a ƙarƙashin titi. In gobara ta tashi, sai a haƙa ƙasa har a tarar da bututun, a huda shi, ruwa ya taru a ramin, a riƙa ɗiba da bokiti. In an gama a toshe hudar da turke, a yi wa wurin alama don gaba. A watan Satumba na 1666 wuta ta tashi daga gidan wani mai gasa burodi, ta kwana huɗu tana ci, ta cinye gidaje sama da 13,000. Bayan wannan masifa ne aka fara huda bututun tun wajen shimfiɗa shi, a sa turaku a wurare sanannu, don kada a tsaya haƙa ranar da ake neman ruwa.

Famfon ƙarfe mai tsayuwa irin wanda muka sani yau, ana danganta shi ga Frederick Graff, injiniyan ruwan birnin Filadelfiya a Amurka, wajen shekarar 1801. Na ce ana dangantawa ne saboda ofishin da ke ajiye takardun masu ƙirƙira a Amurka shi kansa ya ƙone a 1836, takardu da yawa suka tafi da shi.

Mu kuwa ta Faransa abin ya biyo ya iso mana, kuma abubuwa uku muka gada daga can. Na farko, a 1810 gobara ta tashi a wajen wata liyafa a ofishin jakadancin Ostiriya da ke Paris, Napoleon da kansa yana wurin. A shekarar da ta biyo, 1811, ya mayar da 'yan kashe gobarar Paris rundunar soja. Wannan ne tushen abin da ke ba baƙonmu na Kano ko Yola mamaki in ya zo Garwa ya tarar 'yan kwana-kwana sojoji ne, alhali a Najeriya ma'aikatan farar hula ne. Na biyu, dokar ƙananan hukumomi ta Faransa ta 1884 ta ɗora wa magajin gari nauyin yin rigakafin bala'o'i irin su gobara da ambaliya. Na uku shi ne ma'auni.

Ma'aunin 1951

A ranar 10 ga Disamba 1951 gwamnatin Faransa ta fitar da wata takardar umarni da ta zama madubin wannan fanni har tsawon shekaru sittin da ɗoriya. Abin da ta ƙunsa a taƙaice shi ne: dole 'yan kashe gobara su sami ruwa lita 120,000 a kusa, wanda zai ishe su aikin awa biyu. In famfo ne, bututun da ke ciyar da shi kada faɗinsa ya gaza milimita 100, ya riƙa ba da lita 1,000 a kowane minti, da ƙarfin da zai iya tura ruwa sama mita goma. Tazarar da ke tsakanin famfo da famfo kuma ta kasance mita 200 zuwa 300.

Bari mu mayar da waɗannan alƙaluma zuwa ma'aunin da muka saba. Lita 1,000 a minti, duro biyar ke nan na lita 200 kafin mutum ya gama ɗaura takalminsa. Lita 120,000 kuwa jarka 6,000 ce ta 'yan garuwa, ko motar kwana-kwana cike sau arba'in. Tazarar mita 200 ma ba a banza aka yanke ta ba: gwargwadon tsawon tiyon da mota ke ɗauke da shi ne, wanda mutum biyu za su iya warwarewa da gudu.

Akwai wani sashe na wannan takarda da aka fi mantawa, alhali shi ya fi dacewa da mu. Waɗanda suka rubuta ta sun san ƙauyukan Faransa da yawa a lokacin ba su da babban bututu. Don haka suka ce inda famfo ba zai yiwu ba, kogi ko tafki ya wadatar muddin mota za ta iya isa bakinsa a kowane lokaci na shekara, in kuma babu, a gina tankin ajiya mai cin lita 120,000. Zan dawo kan wannan in mun isa Pitowa. Ma'aunin dai ya bi injiniyoyi da littattafan koyarwa zuwa ƙasashen da ke aiki da Faransanci.

Yadda uba ya zama uku

Jamusawa sun ci Garwa a 1901. A watan Yuni na 1915 sojojin Ingila da na Faransa suka karɓe ta daga hannunsu, garin ya koma ƙarƙashin Faransa. A zamanin Faransawa aka gina tashar jiragen ruwa, inda a 'yan watannin da Binuwai ke cika ake fitar da auduga da gyaɗa, a shigo da siminti da gishiri da man fetur. Kamar yadda aka yi a sauran garuruwan mulkin mallaka, titi mai faɗi da bututun ruwa unguwar ofisoshi da gidajen Turawa suka fara bi. Tsofaffin unguwanni masu lunguna, inda jama'a da jinka suka fi yawa, su ne na baya a layi. Famfon gobara kuwa ba ya zuwa inda babban bututu bai je ba, don haka taswirarsa ta bi sawun mulki, ta bar sawun haɗari.

Bayan samun 'yancin kai a 1960, Garwa ta ci moriyar zama mahaifar shugaba Ahmadu Ahijo. Masaƙar CICAM ta zauna a garin, kamfanin auduga na SODECOTON da aka kafa a 1974 ya yi hedikwatarsa a nan, aka gina filin wasa na Rumde Ajiya da babban filin jirgin sama. A 1967 aka kafa kamfanin ruwa na ƙasa, SNEC, wanda ya riƙe bututun birane kusan shekara arba'in. Wannan shi ne uba na farko, mai bututu. Shi ma ya sha sauya suna da hannu: a ƙarshen 2005 aka kafa Camwater ta riƙe kadarori, daga 2008 aka ba kamfanin CDE, wanda 'yan Maroko ke jagoranta, aikin rarraba ruwa da karɓar kuɗi, sannan a 2018 aka mayar da komai hannun Camwater. Kamfanin ruwa da mita da takardar biya yake rayuwa. Famfon gobara ba ya kawo masa ko dala, hasali ma in ya lalace ruwa yake zubar masa.

Uba na biyu ya zo a 1986, shekarar da aka kafa rundunar 'yan kashe gobara ta ƙasa a ƙarƙashin ma'aikatar tsaro, waɗanda muke kira a lamba 118. A watan Agusta na wannan shekara ce iskar guba ta tashi daga tafkin Nyos ta kashe mutum sama da 1,700, a watan Disamba kuma aka yi dokar sake tsara kare fararen hula daga bala'i. Waɗannan sojoji su ne masu amfani da famfon, su ne kuma jama'a ke gani ranar gobara. Amma bututun ba nasu ba ne, titin da famfon ke kai ma ba nasu ba ne.

Uba na uku shi ne magajin gari. Dokokin 2004 na miƙa iko ga ƙananan hukumomi sun ba su gina kasuwanni da kula da su, suka kuma maimaita tsohon nauyin nan na 1884 na yin rigakafin gobara. A shekarar ce kuma aka yi dokar tsara birane, wadda izinin gini ke ƙarƙashinta. Kundin dokokin ƙananan hukumomi na Disamba 2019 ya tattara waɗannan iko wuri ɗaya. A Garwa shi kansa wannan uba ya rabu: tun 2007 garin ya kasu ƙananan hukumomi uku, ga kuma babbar hukumar birni a samansu. Pitowa tana da tata hukumar daban.

To, mai karatu, in murfin famfo ya ɓace, wa zai saya? In masu gyaran titi suka shafe shi da kwalta, wa zai tono? In mai shago ya ɗora kwantenarsa a kai, wa zai ce ya ɗaga? Kowace tambaya tana da amsa a takarda, amma amsar a ofisoshi uku take warwatse. Faransa kanta ta daɗe cikin wannan ruɗani, sai a watan Fabrairu na 2015 ta yi sabuwar doka da ta ce ƙarara ruwan kashe gobara hidima ce ta ƙaramar hukuma: magajin gari ya lissafa wuraren ɗibar ruwan da ke yankinsa, a riƙa gwada su lokaci-lokaci.

Lokacin wuta shi ne lokacin ƙarancin ruwa

Ko da an warware batun mai alhaki, akwai matsalar da ta keɓanta da yankinmu. Ma'aunin 1951 ya ɗauka cewa bututu cike yake dare da rana. A Garwa sai injin ya turo ruwa kafin ya hau tankunan gari, inji kuma da lantarki yake aiki. Lantarkin arewa ya daɗe yana dogaro da madatsar ruwa ta Lagdo, wadda 'yan Sin suka gina a kan Binuwai aka gama a 1982, mai ƙarfin megawat 72. In damina ta yi rowa, tafkin Lagdo ya ja baya, wuta ta ragu, kamar yadda Garwa da Marwa da Ngaundare suka ɗanɗana a 2021.

Dubi yadda abubuwan suke haɗuwa a wata ɗaya. A bazara ne kara da zana suke bushewa ƙayau. A bazara ne kowane gida yake ninka ruwan da yake sha, ƙarfin bututu ya faɗi. A bazara ne ake yawan ɗauke wuta, in an dawo da ita da tsakar dare kuma wayoyin kasuwa da aka jona barkatai su yi tartsatsi. Ga janareto, ga kwalaben zuwa-zuwa jere a bakin hanya. Ranar da aka fi bukatar famfon, ita ce ranar da ya fi yiwuwa a buɗe shi ya yi tari ya yi shiru.

Wani zai ce ai ga Binuwai nan a gindin gari. Gaskiya ne, har ya yi mana yawa a daminar 2012 lokacin da ambaliya ta shiga unguwanni. Amma a watan Afrilu ruwan yana komawa tsakiyar yashi, mota mai nauyi in ta sauka sai ta kafe. Injin zuƙo ruwa kuma yana da iyaka: in ruwan ya yi ƙasa da shi fiye da mita bakwai ko takwas, ba ya iya jawo shi. Kogi ba ya zama ruwan gobara sai an yi masa gangara ta kankare da mota za ta bi ta tsaya a rani.

Kasuwar Lahadi

Pitowa ba ta kai kilomita ashirin daga Garwa ba, a kan babbar hanyar Marwa, kusa da duwatsun Tingilin. Duk ranar Lahadi garin yana cika da masu saye da sayarwa: hatsi, albasa, gyaɗa, bandar kifi, dabbobi, atamfa, kayan roba. Jarin mutane da yawa a nan yake kwana, kuma mafi yawansu ba su san wani abu wai shi inshora ba. Wanda rumfarsa ta ƙone, bashin da ya ɗauko kayan da shi bai ƙone ba.

In wuta ta tashi a wuri irin wannan, motar da ta taso daga Garwa za ta ci hanya, ta kutsa cikin cunkoson ranar kasuwa, ta yi aikin minti shida. In babu inda za ta sake cikawa a kusa, zuwa da dawowa ya haura kilomita talatin, wuta kuwa ba ta jira. Maƙwabta sun riga sun biya kuɗin wannan darasi. Babbar kasuwar Yamai ta ƙone a 1982, sai 1987 aka buɗe sabuwa. Kasuwar Sabon Gari ta Kano ta ƙone a watan Maris na 2016, shaguna sama da 3,000 suka tafi. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

A ganina, abin da ya dace da Pitowa da kasuwanni irinta shi ne sashen nan da aka manta na tsohuwar ƙa'ida, wato tankin ajiya. Lita 120,000 ba wani abin tsoro ba ne: rami ne mai tsawon mita goma, faɗin mita shida, zurfin mita biyu, a yi masa kankare da murfi. Magina na gida za su iya. Rijiyar burtsatse mai aiki da hasken rana za ta cika shi a hankali, ba ruwansa da Lagdo. A bar masa hanya mai faɗin da mota za ta shiga, a hana kasa kaya a kanta ko da ranar Lahadi ce. A ajiye ƙaramin injin turo ruwa da tiyo a hannun 'yan kasuwar da sojojin kashe gobara suka horar, don su riƙe wutar kafin mota ta iso. Kuɗin tikitin da ake karɓa a kasuwa kowane mako, in an ware wani abu daga ciki, zai riƙe gyara.

A cikin Garwa kuma, inda bututu yake, abin da ya rage shi ne a zaunar da iyayen nan uku su sa hannu a takarda ɗaya: wa ke saye, wa ke gyara, wa ke gwadawa. Ni da za a bi ta tawa, sau biyu za a riƙa gwaji a shekara, ɗaya bayan ɗaukewar damina don a kwashe laka da yashin da suka cika ramukan, ɗaya a watan Fabrairu kafin zafi ya kankama. A buɗe kowane famfo a ga ruwa da ido, a sake masa fenti da lamba, a manna jerin sunayen wuraren a ofishin sarkin kasuwa da ƙofar kowane jauro. Turai sanyi ne ke fasa musu famfo, shi ya sa suke ƙera wanda ruwa ba ya kwana a cikinsa. Mu abokan gabarmu yashi ne, da tsatsa, da masu sayen tsohon ƙarfe, da ginin da ke cin titi kaɗan-kaɗan. Duk waɗannan idon unguwa yana iya tsare su fiye da idon ofis.

Nan ne tsohon tsari yake da abin koya wa sabo. Kakanninmu ba su da bututu, amma sun san sunan wanda za a tambaya. Don haka nake roƙon shugabannin 'yan kasuwa da masu unguwanni na Garwa da Pitowa, kafin bazara mai zuwa, kowa ya taka da ƙafarsa ya nemo amsar tambaya uku: ina ne ruwan gobara mafi kusa da mu, yaushe aka buɗe shi na ƙarshe, kuma wane ne zai amsa in an buɗe ba ruwa? Wanda ya rasa amsa, ya kai tambayar gaban magajin gari a rubuce tun da sauran lokaci, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

Allah Ya tsare mu da dukiyoyinmu daga sharrin wuta, amin.